Kofunan Pa Famara

Ƙarfe shida da rabi na safe motar unguwar Guediawaye take sauke Pa Famara Badji a ƙofar jami'armu a nan Dakar. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan sammako, har masu gadi suna cewa idan agogonsu ya saɓa da isowarsa, to agogon za a kai gyara. Yakan tsaya a teburin Tata Absa ya karɓi rabin burodi da wake da gahawar nan mai yaji da ake kira Tuba, ya ce mata waken jiya ya fi na yau, ita kuma ta ce bakinsa ne ya tsufa. Daga nan sai ya haura bene na biyu na sashen sinadarai, makullai biyu suna kaɗawa a aljihunsa.

Makulli na farko na ɗakin haɗi ne. A nan muke ɗaukar kuza mu ɗaura mata wasu sinadarai masu kabon, mu narkar a sifirit, mu rufe bakin kofin gilashi da takarda mai 'yan huje-huje, mu ajiye mu zuba ido. Sifirit ɗin yana bushewa a hankali, wani lokaci mako biyu, wani lokaci wata guda. Idan Allah ya taimake ka, sai ka wayi gari ka ga 'yan ƙwayoyi masu sheƙi sun fito a gindin kofi kamar sukari, su ne ake aikawa Faransa a haska a ga ƙirarsu. Da sanɗa Pa Famara yake shiga wannan ɗaki. Ba ya taɓa komai, durƙusawa yake yi ya leƙa kowane kofi ta gefe, sannan ya rubuta a allo sunan wanda nasa ya fara fitowa. Mutum ne mai sanyin magana, amma duk wanda ya jingina da teburin nan har ya girgiza, ranar zai san dattijon yana da murya.

Makulli na biyu na ɗakin tsutsa ne, can ƙarshen baranda. Sinadaran kuza guba ne, kuma abin da muke nema shekara da shekaru shi ne wanda ɗan kaɗan ɗinsa zai kashe tsutsar sauro ba tare da ya cuci kifi ko mutum ba. Saboda haka dole a yi kiwon tsutsa don gwaji, kuma Pa Famara ne makiyayinta. Shi ke niƙa mata abincin kifi ya barbaɗa da kan cokali, ya canza ruwa, ya ware manya daga ƙanana. Kafin ya shiga sai ya tuɓe farar rigar ɗakin haɗi, ya wanke hannu har gwiwa, ya sa wata.

Tsakanin ɗakunan nan biyu akwai wata doka, kuma ba farfesa ne ya kafa ta ba. Kowane kofi na ɗakin haɗi yana da jan ɗigon fenti a gindi, na ɗakin tsutsa kuma shuɗi. Ja ba ya zuwa wurin shuɗi, shuɗi ba ya zuwa wurin ja. Da fentin farcen matarsa ya fara wannan alama, kafin sashe ya ji kunya ya saya masa gwangwani biyu.

A ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Ba za a buga a jarida ba, don a takardar aiki sunansa ma'aikacin ɗakin gwaji ne kawai. Ni Yande Ngom, yau ina koyarwa a wannan sashe, amma a hannunsa na tashi, kuma ina da dalilin da ya sa ba zan iya yin shiru ba.

Bari in fara da abin da wasu suka gani. Dokta Tine, abokin aikina, yana ɗalibi lokacin da wani sabon malami ya ce a riƙa tuttular da ragowar haɗi a wurin wanke hannu, don jarkokin sun cika ɗaki. Tine ya ce Pa Famara ya tsaya ya tare famfon da jikinsa, cikin ladabi, hannu a baya.

"Malam, wannan bututun teku yake zuwa," in ji shi. "Abin da muke haɗawa a nan ya fi cutar dodon-koɗin ruwa a kan komai. Ni kuwa da shi uwata ta ciyar da mu a can yankinmu na Kazamans. Ka ba ni ƙarƙashin bene, zan san yadda zan yi."

Shekara biyu yana tara jarkoki a ƙarƙashin benen, kowace da takardarta da kwanan watanta, ɗalibai suna kiran wurin rumbun Pa Famara. Ranar da motar kwashe guba ta zo, direban ya ce bai taɓa ganin shara mai tsari irin wannan ba.

Tata Absa ita ma tana da nata labarin. A shekarar da aka yi yajin aiki na wata uku, an rufe ƙofa, kowa ya kama gabansa, amma shi kullum sai ya lallaɓi masu gadi ya shiga. Macen sauro ba ta ƙwai sai ta sha jini, zomon da ake ba su kuma ya mutu a mako na biyu. Wata safiya ta ga hannunsa duk ya yi rudu-rudu.

"Pa, me ka yi wa matarka haka?"

"Ba ita ba ce, 'ya'yana ne na bene," ya ce. "Ƙara mini wake, yau mu da yawa za mu ci."

Hannunsa yake zurawa a kejin sauron har su ƙoshi. Da aka dawo aiki, ɗalibai huɗu suka tarar da tsutsa tana jiransu, ba wanda ya yi asarar shekararsa.

Nawa labarin ba shi da daɗin faɗa kamar waɗannan. Shi ɗan ƙabilar Jola ne, ni 'yar ƙabilar Serer ce daga garin Fatik, kuma wasan da ke tsakaninmu tun kaka da kakanni ne. Ranar da na fara shiga ɗakin ya ji sunana, sai ya ɗaga hannu sama.

"Ngom? Alhamdulillahi, an kawo mini baiwa har gida."

"Pa, yaushe Jola ya mallaki wani abu ban da tukunyar shinkafa?" na ce.

Ya yi dariya har ya riƙe tebur. Daga ranar ba ya kirana sai baiwata.

Shekara huɗu ina aikin digirina na uku. Na haɗa sinadarai goma sha biyu, an haska su, an tabbatar da ƙirarsu, saura gwaji a kan tsutsa. Zuciyata tana kan lamba bakwai, don shi ya fi ba ni wahala kuma shi ya fi kyau a ido. Ana tsakiyar damina, tsutsa ta yi yawa, sai aka yi wa Pa Famara rasuwar yayansa, ya tafi Kazamans kwana goma.

Gwajin ba shi da wuyar ganewa. Kowane kofi ana zuba ruwa da tsutsa ashirin, a ɗiga magani, wani da yawa, wani kaɗan, wani ɗan mitsitsi. A gefe kuma ana ajiye kofunan shaida, ruwa da tsutsa kawai babu magani. Washegari a ƙirga. Idan na shaida sun rayu, na magani sun mutu, to maganin ne ya kashe. Ina bukatar kofi talatin, shuɗayen da na samu goma sha biyu ne. Na tsaya na yi lissafi irin na masu ilimi. Na ce tunda kuza ce za ta shiga kofin, me zai hana a yi amfani da kofin kuza? Na ɗebo jajaye goma sha takwas, na wanke da sabulu sau uku, na ɗauraye da tataccen ruwa har suna ƙyalli. Shaida na sa a shuɗaye, magani a jajaye. A raina dokar fentin nan camfin tsoho ce.

Da safe na tarar da na shaida suna ta wutsil-wutsil, na lamba bakwai kuwa duk sun kwanta. Har kofin da na ɗiga wa mafi ƙanƙanta, ba wadda ta motsa. Na maimaita sau biyu, haka. Na mayar da jajayen kofuna wurinsu, na ruga ofishin Farfesa Mbengue, mai duba aikina, ina haki. Ya duba littafin ƙirga, ya miƙe tsaye, abin da ban taɓa gani ba. A ranar ya rubuta wa abokin aikinsa na Faransa. Kafin mako ya zagayo an sa ranar kare kundina, mako shida masu zuwa, an kuma yi mini alkawarin gurbin shekara guda a can. Mahaifiyata ta yanko atamfa, dangi a Fatik suka fara maganar ɗaukar shatar mota. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Pa Famara ya dawo ranar Litinin. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa. Wajen hantsi ya kira ni ɗakin tsutsa, littafin ƙirga yana buɗe a gabansa.

"Baiwata, zo ki karanta mini wannan, idona ya tsufa."

Na karanta. Mai yawa, ashirin sun mutu. Matsakaici, ashirin. Ƙarami, ashirin. Ɗan mitsitsi, ashirin.

"Duk ashirin-ashirin?"

"Duk, Pa. Ka taya ni murna mana."

"Zan taya ki. Amma ni tun da nake ƙirga gawar tsutsa ban taɓa ganin guba marar matakala ba. Mai yawa ta kashe da yawa, kaɗan ta kashe kaɗan. Taki ta sama da ta ƙasa ƙarfinsu ɗaya. A wane kofi kika yi?"

Ashe ya riga ya sani. Shi a kife yake ajiye kofunansa, ya tarar da goma sha takwas bakinsu sama, a gindin ɗaya kuma ga busasshiyar tsutsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce in ɗauko uku daga cikinsu in wanke da hannuna yadda na wanke wancan karon. Na wanke, har na ƙara. Ya zuba ruwa zalla, ya ƙirga tsutsa ashirin-ashirin, ya rufe ɗakin ya miƙa mini makulli.

"Ke za ki kwana da shi, don kada ki ce Jola ya yi miki asiri."

Washegari ni na buɗe ƙofar. Kofi na farko goma sha tara sun mutu, na biyu ashirin, na uku ashirin, alhali ko ɗigon lamba bakwai bai shiga ba. Na zauna a kujera. Ya yi mini bayani a hankali. Kuza tana manne wa gilashi, sabulu ba ya fitar da ita, sai an jiƙa kofi a asid kwana guda cur. Waɗannan kofuna kuwa shekara da shekaru ana zuba musu uwar haɗin, wato kuzar da ake fara haɗi da ita, wadda kowa ya san gubarta. Ita ta kashe mini tsutsa, ni kuma na ba ɗana lamba bakwai lada.

Abin da na faɗa bayan wannan, har yau idan na tuna sai in runtse ido.

"Pa, ba wanda ya sani sai ni da kai. Mako biyar ya rage. Bari in kare kundin nan, in na dawo sai in sake gwajin a tsanake."

"Ba zan je wurin Farfesa ba," ya ce. "Maganarki ce, ke za ki kai ta. Amma hannuna ba zai hau wannan shafin ba. Idan kuma aka tambaye ni dalili, zan faɗa."

Kowane shafi na ƙirga sai da sa hannunsa a ƙasa, haka tsarin yake. Na cika na batse. Na manta da wasa, na manta da furfura.

"Kai da ko digiri ɗaya ba ka da shi, kai ne za ka tare mini nawa?"

Ya dube ni, ya gyara zaman wani kofi da bai karkace ba.

"Gaskiya ne, ba ni da shi," ya ce. "Shi ya sa nake tsaron naki."

Kwana biyu ina zagaye ƙofar Farfesa Mbengue kamar wadda ta yar da allura. A na uku na shiga na faɗi komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya tambayi wanda ya gano. Na ce Pa Famara. Ya ce Allah ya rufa mana asiri, da an buga wannan a mujalla, da sunan ɗakinmu ya zube tare da nawa. Aka janye wasiƙa, aka ɗage ranar karewa wata bakwai, gurbin Faransa aka ba wa wani. Mahaifiyata ta ninke atamfarta ta sa a akwati, ba ta tambaye ni komai ba, wannan shirun ya fi mini zafi a kan faɗa.

Muka sake gwajin daga farko, duk goma sha biyun, a shuɗayen kofuna. Damina ta wuce, tsutsa ta yi wuya, Pa Famara ya riƙa zuwa har ranar Asabar don kada kiwon ya yanke. Tare muke ƙirga, shi da ɗan tsinkensa, ni da biro. Kullum sai ya ce, "Baiwata, an tashi lafiya?" ni kuma in amsa a ciki-ciki, fuska a ɗaure. Lamba bakwai ya kashe shida cikin ashirin a mafi ƙarfinsa. Lamba goma sha ɗaya, wanda ban taɓa kulawa da shi ba, ya ɗan taɓuka, shi ma ba abin a buga ganga ba. Haka na rubuta.

Ranar karewa, baƙon farfesan da ya zo daga Faransa ya tsaya a kan sakin layin da na yi bayanin jiƙa kofi a asid da raba kofunan ɗakuna biyu. Ya ce ya ji daɗinsa, ya tambayi wanda ya koya mini. Na ce haka muka saba yi a ɗakinmu. Pa Famara yana can bayan zaure yana jera kwalaben zoɓo don walima, kuma na san ya ji. A shafin godiya na gode wa Farfesa, na gode wa iyayena, na gode har wa matar da ta buga mini kundin. Sunansa ban sa ba. Ba mantuwa na yi ba, da gangan na bar shi.

Shekara goma sha tara ke nan. A cikinsu wani ɗalibi a Bamako ya maimaita gwajina ya sami abin da na samu, wata a Tunis ita ma haka. Duk ɗan mutuncin da nake da shi a wannan fage, a kan lambobin nan marasa daɗi yake tsaye. Mun daɗe da komawa wasanmu ni da Pa Famara, ya halarci aurena, ya yi wa ɗana huɗuba, amma maganar shafin nan ban taɓa iya tayar da ita ba. Kunya ce, ba wani abu ba.

Makon jiya na ɗauki kundin na same shi yana haɗa kayansa a kwali. Na buɗe shafin na ajiye a gabansa.

"Pa, babu sunanka a nan."

"Na sani. Tun ranar na duba."

"Ba ka ce komai ba."

"Me zan ce? Na ji zafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Na tafi da shi gida har na kasa cin shinkafa, kin san kuwa abin ya kai." Ya yi murmushi, ya karɓi kundin, ya buɗe can ciki ba tare da ya nema ba, ya ɗora yatsa. "Sai na zo nan, shafi na tamanin da uku, na ga shida cikin ashirin. Na ce to, ai ga ni nan."

Hawaye ya zubo mini a gaban mutumin da na taɓa gaya wa ba shi da digiri, shi kuma ya juya yana ta naɗe wata igiya don kada in ji nauyi.

Pa Famara, kai ne ka tare ni a ranar da na fi kowa son a ƙyale ni. Kana iya sa hannu ka zauna lafiya, ba wanda zai taɓa tuhumarka. Kana iya kai ƙarata ka wanke kanka. Sai ka tsaya a tsakiya ka bar mini ƙofa in shiga da ƙafata, ka ɗauki zagina ka haɗiye, ka kuma ba ni Asabar ɗinka ta wata bakwai ina ɗaure maka fuska. Dattijon ɗakuna biyu, mai ido a gindin kofi. Daktoci ashirin da uku suka fita ta hannunka, kuma ba ɗaya a cikinmu da aka taɓa cewa ya janye abin da ya buga. Na gode, Pa. Ka yafe mini.

Ku da ke aiki a bayan fage, a ɗakin gwaji ko a wani wurin, ku dubi wannan mutum. Idan abin da ke gabanku ba daidai ba ne, ku janye hannu cikin ladabi, ko da mai roƙon naku ne, ko da ya fi ku takarda. Ku kuma ɗalibaina, idan kun zo rubuta godiya, ku fara da wanda ya ɓata muku rai don ya tsare ku, kada ku jira shekara goma sha tara kamar malamarku.

Jiya na je ɗakin karatu na roƙi a fito mini da kwafin kundina na jami'a. Ma'aikaciyar ta ce ba a rubutu a littafin ajiya. Na ce ta kai ƙarata duk inda take so, na ciro biro, na rubuta a saman shafin godiya, sama da sunan Farfesa, sama da na iyayena: Famara Badji, wanda ya ƙi sa hannu.